Kujerar Baba Ta Je Gwanja

Bayan shekara talatin da ɗaya ina koyar da tarihi, na kai ga wata matsaya da ban ga mai ture ta ba: duk rigimar da ta taɓa girgiza duniya, tun daga faɗuwar dauloli har zuwa rabuwar zumuntar matan cocinmu gida biyu, in ka bi ta a hankali har tushe, kujera za ka tarar. Wani ya zauna inda wani yake ganin wurinsa ne. Sauran bayanin ƙari ne da malamai suke yi don littafi ya yi kauri.

Tun da na dawo daga Ghana ba ni da sakat. Ana tashi daga sujada sai a kewaye ni. "Baba Hedimasta, yaya Gwanja? Da gaske a can goro kyauta ne?" Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk sanda na sake ba da labarin sai in fito da kyau fiye da na baya. Shi ya sa na ga gara in rubuta tun gaskiyar tana da sauran numfashi.

Mahaifinmu shi ne mai bishara na farko a ƙauyenmu, gabas da Malumfashi. Yana da wata kujerar katako mai naɗewa, a gaban majami'a, kusa da tagar dama. Shekara goma sha tara ke nan da rasuwarsa. Ranar Lahadin da ta biyo bayan jana'iza na shigo tare da dattawa, sai na tarar da ƙanena Dauda, wanda kafinta ne, zaune a kanta, har yana ɗan jijjiga jiki. A gaban jama'a duka na ce, "Tashi. Wannan ba da guduma ake gadonta ba." Ya tashi, ya fita. Kafin wata ya cika ya bi 'yan tireda ya bar ƙasar. Wasiƙa biyu ya aiko wa Inna daga Salaga, Inna ta rasu, shi ke nan shiru.

Ni kuwa na zauna a kujerar shekara goma sha takwas, lafiya lau, har aka kawo mana sabon fasto, Luka, wanda na koyar a aji huɗu. Wata Asabar ya zo gidana ya tsuguna.

"Baba, gobe Jibin Ubangiji."

"Na sani. Ni nake sanarwa."

"Baba, ina ɗan'uwanka?"

Na ce masa wannan maganar gida ce. Ya ce haka ne. Sannan ya ce, "Ayar nan ta wanda ya kawo baiko alhali akwai magana tsakaninsa da ɗan'uwansa, kai ka koya mana ita. Har bulala biyu na sha don na manta ƙarshenta."

Bai hana ni komai ba. Amma washegari da aka miƙo mini farantin gurasar Jibi, hannuna ya ƙi tafiya. Kusan shekara guda ina miƙa wa na kusa da ni gurasar nan ba tare da na taɓa ba. Na bar kujerar na koma benci, aka kai ta ɗakin ajiya, kuma gab da Kirsimeti matasa suka shafe duk kujerun coci da koren fenti. A gida ma na zama abin da matata Hannatu ta kira gajimare mai tari. Ranar da ta gaji ta ce, "Malam, ko ka je ka nemo shi, ko ka daina yi mini huci a kan tuwo."

Sai na yanke shawara irin ta manya: zan ɗauki kujerar da kaina, in kai masa har Salaga, in yafe masa. Ku lura da kalmar. Na rubuta jawabin yafiyar shafi bakwai, na ɗinka sabon kwat da wando, na shiga ɗakin ajiya da sassafe na ɗauko kujera, na kama hanyar Legas.

Tsakanin Legas da Ghana iyaka uku ce, kuma a kowace an yi sha'awar kujerar fiye da ni. A ta biyu wani jami'i mai Faransanci ya buɗe ta, ya zauna, ya ɗora fasfo ɗina a cinya ya buga hatimi. Shi ne bare na farko da na ga ya hau ta, kuma tun da fasfona yana hannunsa, na gano ina da haƙurin da ban san da shi ba. A iyakar Ghana kuwa jami'in ya karanta takarduna ya ɗago ya yi mini Hausa.

"Hedimasta? Ni ma na koyar da lissafi a Gusau shekara biyar, kafin ku ce mu tattara mu tafi."

Na gyara tsayuwa, na shirya wa kwana a wurin. Sai mutumin nan ya ɗauki kujerar da hannunsa ya raka ni har mota, ya ce da direba a ba malami gaba, ya kuma gargaɗe ni da wani baƙin yaji da zan gamu da shi. Na gamu da shi a Kumasi, tare da dokunu, wato wani ƙullin masara mai tsami da ake naɗewa a ɓawonta. Ban ji gargaɗin ba. Sai da na yi kwana biyu a masauki ina nazarin rayuwata.

A Yeji hanya take ƙarewa a bakin ruwa, sai a jira jirgin fito ya tsallakar da motoci. Muka wuni a rana. Ina tsaye, kujera a naɗe a hammata, don ban ga ya dace in zauna a kan abin da na zo bayarwa ba. Wata mai sayar da busasshen kifi, ga tsohon ciki, ta dube ni ta dubi kujerar.

"Papa, kujeran nan na zama ne ko na kallo?"

Kafin in tsara amsa ta karɓa ta buɗe ta zauna. Ta ba ni kifi biyu. Haka kujerar Baba ta shiga Gwanja tana ƙarnin kifi.

Salaga na sha zana ta a allo da babban ɗigo, in ce wa yara nan ne kasuwar da kakanninmu suke yin wata da watanni a hanya don su kai. Na tarar da gari mai sanyin jiki, doya tuli a ko'ina, da tsofaffin rijiyoyi birjik, har aka ce in riƙa duba inda nake sa ƙafa. Da na ambaci Dauda kafinta aka kai ni gidan Alhaji Sumaila, wani dillalin doya da kakansa ya zo daga Katsina da jakuna. Hausar gidan ta girmi tawa. Kalmomin da ban ƙara ji ba tun rasuwar kakata, a nan na same su da ransu.

Na ga ya kamata in yi gaskiya tun a zaure, na ce, "Alhaji, ni fa Kirista ne."

Ya ce, "Dauda ma haka. Shekara tara ya yi a ɗakin can. In mun tafi Juma'a shi yake tsare mana gida. A kawo wa Malam ruwa."

Kwana uku suka riƙe ni da sakwara, wadda ake dakawa mutum uku a turmi guda ba tare da an fasa hannun kowa ba. Kujerar kuwa ta jawo mini daraja. A kudancin ƙasar, in an ce kujera ana nufin sarauta, a arewa kuma sarakuna a kan fata suke zama. Saboda haka dattijo mai kwat yana yawo da kujera ba ya barin kowa ya taɓa, fassararsa ɗaya ce. Wani maƙwabci ya jawo ni gefe cikin tausayi ya ce, "Malam, tuɓe ka aka yi?"

Daga baya na zayyana wa Alhaji labarin duka, na ƙare da cewa na zo in yafe wa yaron. Ya daɗe yana ɓare goro.

"Kai za ka yafe."

Na ce e.

"To. Allah ya ba da sa'a." Ya miƙo mini rabin goron. "Ya koma Yendi shekara goma ke nan. Ka nemi cocin da ke bayan tasha."

Hanyar Yendi ba zan ɓata mata suna ba, tun da ba ta da shi. Mun tafi a motar katako, ni da doya da zabi a kwando, kuma a cikinmu zabin ne kawai suka faɗi ra'ayinsu. Mai kula da cocin wani tsoho ne, Baba Nindo, mai bishara kamar mahaifinmu, yana jin Hausa. Ya ce kafin komai sai ya kai ni gaida mai unguwa, don baƙo ba ya kwana a unguwa ba a san da shi ba.

A gida ma muna tsugunawa, amma mun yi wa mai kwat da tabarau rangwame. Ni rabona da in kai gwiwa ƙasa gaban mutum tun ranar da aka ba ni makaranta. A Yendi babu wannan rangwamen. Kowa yana zuwa ya zube, babba ya yi ta jero gaisuwa, ƙarami yana amsawa da "Naa, naa," har sai an ƙare. Muka shiga muka tarar da tsohon a kan fata, mutanensa a ƙasa. Na duba ban ga wurin zama ba. Sai na tuna ai ina da shi a hammata. Na buɗe kujera na zauna, na ɗora ƙafa ɗaya a kan ɗaya.

Ban taɓa jin shiru mai nauyin wannan ba, har a ɗakin jarrabawa. Baba Nindo ya ja bakin wandona daga ƙasa, ya ce a hankali, "Malam, ka fi mai unguwa tsawo."

Na sauko da sauri na tsuguna. Gwiwata ta yi ƙara, wandon kuma ya amsa mata daga baya, tun daga ƙugu har inda ɗinki ya ƙare. Na ce "Naa" a wurin da ake cewa da wurin da ba a cewa. Tsohon ya yi dariya har da hawaye, ya ba ni goro, ya sa aka kawo mini wata babbar riga saƙi irin tasu, mai faɗin da zai rufe asirin mutum biyu. Ita na sa har ƙarshen tafiyar.

Da la'asar Baba Nindo ya buɗe mini cocin. Ɗaki ne ƙarami, benci goma sha biyu.

"Zauna ka ji," in ji shi. "Ɗan'uwanka ne ya yi su. Ko ɗaya ba ya motsi."

Na zauna. Ba ya motsi.

"Shekara huɗu ya yi da mu kafin ya koma Bawku. Bai taɓa fashin sujada ba. Amma abu guda ya dame ni. Bai taɓa zama ba. A bakin ƙofa yake tsayawa, daga waƙar farko har albarka. Na ce, Dauda, ga benci kai ka yi. Ya ce, Baba, bar ni, na fi jin wa'azi a tsaye." Ya dube ni. "A garinku haka kuke yi?"

Na ce a'a, ba haka muke yi ba.

Na zagaya bayan cocin na zaro jawabina. Na bi shafi bakwai ɗin nan ina neman layi ɗaya da za a iya karanta wa mutumin da ya yi shekaru a tsaye a ɗakin Ubangiji saboda kalma ɗaya tawa. Ban samu ba. Jawabi ne mai kyau, in da ɗalibi ya rubuta da na ba shi maki. Akwai wata mai tubani a bakin tasha, takardar naɗi ta ƙare mata. Ta yi mini godiya ƙwarai.

Daga nan tafiyar ta sake launi. Da na fito gida tambayata ita ce ko Dauda ya cancanci a yafe masa. Yanzu tambayar ko zai yarda ya dube ni. Muka bi ta Tamale muka miƙe arewa. A Savelugu, da mota ta tsaya mata suka kewaye ta da dafaffen ƙwan zabi, na ɗauki jakata da niyyar sauka in juya. Abin da ya hana ni, kujerar tana can saman mota a ƙarƙashin buhunan wani, kuma direba ya ce ba mai kwance igiya sai Bolga. Na sha jin wa'azi a kan hanyoyin da Allah yake riƙe mutum. Ban taɓa jin an ambaci igiyar direba ba.

Bawku gari ne na albasa da amalanken jaki, da 'yan kasuwar ƙasa uku suna ciniki da Hausa, kowa da irin tasa. Na ce ina neman Dauda kafinta, aka ce wanne, na ce na Najeriya, aka nuna mini hanya da baki. Hannuna ya gaji, sai na ɗora kujerar a ka. Haka na ratsa kasuwar, hedimasta mai shekara talatin da ɗaya a bakin aiki, cikin rigar aro, da kaya a ka.

Na same shi a wata rumfa gindin bishiya yana goge ƙyaure. Da na hango furfurar da yadda ya karkata kafaɗa, sai da na tsaya, don Baba na gani. Ya ɗago. Ya daɗe yana kallon rigar, da kujerar, sannan fuskar.

"Yaya?"

Na sauke kujerar. Na yi abin da Yendi ta koya mini, na zube a cikin ɓawon katako. Na ce, "Dauda, na yi maka laifi a gaban mutane da gaban Allah. Ban zo da hujja ba. Ka gafarta mini." Iyakar jawabin ke nan, kuma shi ne mafi gajarta da na taɓa yi a rayuwata.

Ya ajiye abin aikinsa. Ya ce, "Tashi, Yaya."

Ban tashi ba.

"Yaya, don Allah tashi. Ya wuce tun tuni. Mutane suna kallo."

Na ce, "Dauda, na ji. Gwiwar ce ta ƙi."

Ya sa hannu a hammatana ya ɗago ni kamar buhu, kuma da ya ɗago bai saki ba. Muna dariya muna wani abin da ba dariya ba, har matarsa Apoka, wata Bakusasiya 'yar asalin yankin mai fara'a, ta fito da ƙwarya ta raba mu. "Yaya, sha ruwa tukuna," in ji ta. "Magana yana baya." Ruwan garin gero ne mai ɗan yaji, wanda a can ba a tambayar baƙo ko sunansa sai ya sha.

Bayan mun ci tuwo da naman zabo, na tura masa kujerar na ce tasa ce. Ya buɗe ta, ya kifa ta, ya bi ƙafar baya ta hagu da babban yatsa daga sama har ƙasa. Ya sake bi. Sannan ya naɗe ta ya ce, "Na karɓa, Yaya. Na gode." Ya shigar da ita ɗaki da kansa.

Da ya dawo na yi tambayar da ya kamata in yi shekara goma sha tara da suka wuce. Na ce me ya sa ya zauna a kai ran nan.

Ya ce, "Ƙafar baya ce ta tsage ranar jana'iza. Na zo da sassafe na ɗaure ta da ƙarfe. Na zauna ne in gwada ko za ta ɗauke ka. Ka san ka fi Baba nauyi."

Na ce, "Me ya hana ka faɗa?"

"Yaya, ka taɓa barin mutum ya gama magana?"

Apoka ta ce to yau dai ya bari, a rubuta ranar.

Ranar Lahadi muka tafi cocinsu. Wa'azi da harshe uku ake yinsa, baiko kuma da rawa ake kai shi, kowa yana kaɗa hankici, abin da in aka yi a namu sai dattawa sun zauna taro. Dauda ya tsaya a bakin ƙofa kamar yadda ya saba. Na tsaya kusa da shi. Muka yi waƙar farko a tsaye, muka yi ta biyu. Ana cikin addu'a ya raɗa mini, "Yaya, da wannan gwiwar taka ba za ka kai albarka ba." Ya ja ni zuwa bencin ƙarshe, ya zaunar da ni, ya zauna. Na ga Apoka daga ɓangaren mata ta juyo, ta sake juyowa, ta rufe baki da hankici.

Ranar Jibi ce. Da farantin ya iso, Dauda ne ya miƙo mini. Hannuna ya tafi da kansa, ban ma roƙe shi ba.

Dawowa ta Pusiga na bi, na ratsa Togo da Burkina da Nijar na faɗo Sakkwato. Kwana uku. Zuwa kuwa kwana goma sha shida na yi, ashe duk shekarun nan ƙanena yana bayan gida, ni mai zana wa yara taswira na zagaya ta teku. Dauda ya ce zai zo da Apoka da yara a Kirsimeti, kuma kada a tanadar masa wurin zama na musamman.

Hannatu ta saurari labarin nan duka ba ta katse ni ba, abin da ya kamata ya sa ni zargi. Da na kai wurin da na miƙa gadon mahaifinmu da hannuna, ta ɗauki mayafi ta ce in biyo ta. Ta kai ni ɗakin ajiya na coci, ta jawo wata koriyar kujera daga bayan ƙofa, ta kifa ta. A ƙafar baya ta hagu ga ɗaurin ƙarfe da ƙusa uku. Shekara goma sha takwas na yi a kansa ban taɓa leƙawa ba. Wannan ɗaurin ne Dauda ya nema da yatsa har sau biyu bai samu ba, ya ce ya karɓa, ya gode.

"Ga ta Babanku nan," in ji Hannatu.

Wadda na kai Bawku ta mai gangar cocinmu ce. Tun ranar da na tafi a tsaye yake kiɗa.